LABARIN USMAN NAGOGO, WAKILIN DOKA NA KATSINA

1. Mafarin magana

Duk garin da ya tara jama'a, ya kafa kasuwa, to, ya tara masu gaskiya, ya kuma tara ɓarayi. Saboda haka tun zamanin da ba a rasa waɗanda a kan ɗora wa tsaron doka. A cikin wannan darasi za mu karanta labarin wani ɗan sarki wanda aka ba shugabancin 'yan dokan Katsina a zamanin mulkin Turawa. Sunansa Usman Nagogo. Ya yi shekara 8 yana wannan aiki, daga 1929 zuwa 1937, daga baya kuma ya zama Sarkin Katsina.

Mutumin Maigatari, ko na Gagarawa, ko na Sule Tankarkar, ya iya cewa, "Ina ruwanmu da labarin Katsina, mu da mu ke ƙasar Gumel?" To, da ruwanku. Da farko dai, Katsina da Gumel a lardi ɗaya su ke, watau Lardin Kano, sai a 1926 aka fid da Katsina daga ciki. Na biyu, dukansu ƙasashen bakin iyaka ne. Na uku kuwa, irin tsarin da aka yi wa Katsina shi aka yi wa Gumel. Kowace da sarkinta, da alƙalinta, da baitulmalinta, da gidan yarinta, da 'yan dokanta. Bambancin yawan jama'a ne kawai. Wanda ya gane yadda aka yi a babban birni, ya gane yadda aka yi a garinsu.

2. Dogarai

Kafin zuwan Turawa, dogarai su ne masu tsaron doka a ƙasar Hausa. Har yanzu kuna ganinsu a fada, da manyan riguna masu ja da kore, da jan rawani. Amma a da aikinsu ya fi na yanzu nauyi ƙwarai. Su ke tsaron sarki, su ke kai saƙonsa, su ke kamo mai laifi su gurfanad da shi gaban alƙali ko gaban sarki. Shugabansu shi ne Sarkin Dogarai. Akwai kuma Yari, mai tsaron kurkuku, shi ya sa har yau a ke ce wa kurkuku gidan yari.

Yawancin dogarai bayin sarki ne. Wannan ya ba su ƙarfi ta wani gefe, gama ba su da ubangida sai sarki, ba su shakkar hakimi, balle attajiri. Ta wani gefen kuwa ya jawo aibu biyu.

Aibu na ɗaya, ba su da albashi. Abincinsu daga fada ya ke fitowa, sai kuma abin da suka samo wurin aike. In an aiki dogari ƙauye, mutanen ƙauyen ne za su sauke shi, su ciyad da shi, su ciyad da dokinsa, sa'an nan su sallame shi. Na kirki ya karɓi abin da aka ba shi ya yi godiya. Mugu kuwa ya ƙwace abin da ba a ba shi ba, ya ce da sunan sarki. Talaka ba shi da hanyar sanin ko sarki ne ya ce, ko bai ce ba. Irin wannan ne ya sa Hausawa su ke cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Aibu na biyu, tun da an san aikin na bayi ne, ɗa ba ya sonsa. Ana tsoron dogari, amma ba a sha'awar zama shi.

3. Zuwan Turawa

A shekara ta 1903 Gwamna Lugga ya iso Katsina, a cikin shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawan Ingila. Gumel ma a wannan shekara ta shiga ƙarƙashinsu. Turawa kaɗan ne, ƙasa kuwa ga faɗi. Sai suka ga abin da ya fi musu sauƙi shi ne su bar sarakuna su ci gaba da mulkin jama'arsu, su kuma su tsaya daga baya suna ba da umurni. Hukumar sarki da ma'aikatansa ita ce aka riƙa kira En'e.

Turawa suna da nasu 'yan sanda, masu bindiga, waɗanda a ke kira 'yan sandan Gwamnati. Amma ba a barinsu su yi aiki cikin biranen sarakuna. Wurin aikinsu shi ne bariki, da hanyar jirgin ƙasa, da unguwannin baƙi. A 1930 aka gama na Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya, babban ofishinsu yana Ikko. Cikin birni da ƙauyuka kuwa, tsaron doka yana hannun mutanen sarki.

A 1906 Turawa suka tuɓe Sarkin Katsina Yero, suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko. Ku lura da wannan, gama yana da amfani ga abin da zai zo. Dikko daga gidan Sulluɓawa ya fito. Waɗanda suka riga shi kuwa Dallazawa ne, zuriyar Malam Ummarun Dallaje, sun yi wajen shekara 100 suna sarauta tun daga jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Watau sabon gida ne ya hau gado, ya tarad da fada cike da bayin tsohon gida.

A zamanin Dikko ne, tare da wani Bature mai suna Palmer, aka fara kafa Baitulmali irin na zamani a Katsina, sauran ƙasashe suka yi koyi. Haraji da jangali su shiga Baitulmali, a rubuta, Gwamnati ta ɗauki rabonta, saura a biya albashi da shi, a yi ayyukan ƙasa. Daga sarki har dogari kowa aka yanka masa albashi. Wannan babban gyara ne, gama wanda a ke biya duk wata an sami bakin tuhumarsa in ya ƙi aiki. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Amma albashi kaɗai bai raba dogari da tsohon halinsa ba. Saboda haka a 1925 aka soma wani gyara a birnin Kano. Aka raba aikin biyu. Dogarai suka tsaya ga hidimar fada, aka kuma kafa wata sabuwar ƙungiya don tsaron gari, aka kira su 'yan gadi. Daga baya sunan da ya bi irinsu ko'ina a Arewa shi ne 'yan doka. Aka ɗinka musu tufafin aiki iri ɗaya, aka koya musu fareti, aka ba su kulki maimakon takobi. Da yawa cikinsu tsofaffin soja ne.

Duk da haka da sauran magana. Mutane ba su daina duban aikin da idon da su ke duban dogarci ba. Kuma in shugaban 'yan doka bawa ne, ko talaka, yaya zai yi ya kama ɗan hakimi? In bai iya karatun boko ba, yaya zai duba littafin ofis, ko ya amsa takardar Razdan? Sai aka faɗa kan wata dabara, watau a ɗora ɗan sarki, wanda ya yi makaranta, bisa kan 'yan doka.

4. Ɗan sarki ya shiga aikin doka

An haifi Usman Nagogo a Katsina a 1905, shekara guda kafin mahaifinsa ya ci sarauta. Ya fara da karatun Alƙur'ani da na addini, kamar yadda a ke yi wa kowane ɗan Musulmi, sa'an nan aka sa shi makarantar boko ta lardi a nan Katsina. A 1921 Sarki Dikko ya tafi aikin Hajji, ya bi ta Ingila, ya gana da Sarkin Ingila Joji na Biyar. Usman yana cikin 'yan rakiya, yana da shekara 16. Ya komo ya ci gaba da karatu, ya gama a 1923.

Birnin Landan da ya gani a wannan tafiya, shi ma bai daɗe ƙwarai da samun 'yan sanda irin na zamani ba. A 1829 wani minista mai suna Robert Peel ya kafa su. Da farko mutanen Landan ba su so su ba, suna tsoron kada su zama sojan gwamnati a cikin gari. Don a kwantad da hankalin jama'a sai aka ba su kulki, ba a ba su bindiga ba. Shekara 100 cif bayan wannan, watau a 1929, aka naɗa Usman Nagogo shugaban 'yan dokan En'e ta Katsina. Sarautar da a ke kiran mai wannan aiki ita ce Wakilin Doka. Shekarunsa 24 a lokacin.

Kowane gefe ya sami abin da ya ke so ga wannan naɗi. Turawa sun sami mutumin da ya iya karatu da rubutu, wanda za su yi magana da shi kai tsaye. Sarki ya sami ɗansa na cikinsa riƙe da sandar gari, ba bawan da ya gada daga wani gida ba. 'Yan doka kuma sun sami daraja, gama aikin da ɗan sarki ya ke yi ba mai iya ce masa aikin bayi. Daga nan 'ya'yan mutane suka fara yarda su sa tufafin doka.

5. Aikin Wakilin Doka

Bari mu duba abin da ke wuyan mai wannan sarauta, don kada a zaci rawani ne kawai.

Aikinsa na fari shi ne mutanensa. Shi zai zaɓi wanda za a ɗauka, ya ga an koya masa aiki, ya ga an biya shi, ya hore shi in ya yi laifi. A zamanin Nagogo an ƙara yawan 'yan dokan Katsina, an kuma gina musu sababbin wuraren aiki. Kada ku raina zancen gini. Muddin ba ofis, to, zauren shugaba shi ne ofis, wanda aka kama kuwa yana hannun wanda ya kama shi, ba mai tambaya. In akwai ofis, akwai littafi. A rubuta sunan wanda aka kawo, da laifin da a ke tuhumarsa, da ranar da aka kawo shi, da kayan da aka samu a hannunsa. Rubutun nan shi ne garkuwar talaka, gama abin da aka rubuta ana iya bin sawunsa.

Aiki na biyu shi ne tsaron birni. Katsina birni ne mai ganuwa da ƙofofi, kamar su Ƙofar Ƙaura, da Ƙofar Durɓi, da Ƙofar Marusa, da Ƙofar Sauri, da Ƙofar Guga. A da, in dare ya yi a rufe ƙofa, shi ke nan gari ya tsaru. Da zaman lafiya ya samu, motoci suka fara shigowa, fatake da baƙi suka yawaita, ƙofa ta daina tsare kowa. Sai 'yan doka su yi ta zagaya unguwanni da dare, su tsaya kasuwa da rana, su yi gadin Baitulmali, su raka kuɗin haraji daga gundumomi zuwa birni.

Aiki na uku shi ne kai mai laifi gaban shari'a. Ɗan doka ba alƙali ba ne. Iyakarsa ya kama, ya kawo shaida. Yanke hukunci na alƙali ne, tsarewa kuma ta Yari ce. In ɗan doka ya kama mutum, ya yi masa duka, ya ci shi tara a kan hanya, to, ya haɗa aikin mutum uku a hannunsa, ya zama mai dokar barci da ya ɓuge da gyangyaɗi.

Aiki na huɗu ya shafi iyaka, wannan kuwa mutanen Maigatari sun fi kowa saninsa. Da Ingila da Faransa suka raba ƙasa, sai iyaka ta ratsa tsakanin Katsina da Maraɗi, kamar yadda ta ratsa tsakanin Gumel da Damagaram. Dangi suna nan, dangi suna can, kasuwa ɗaya a ke ci. Dubi kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, yadda shanu da raƙuma da tumaki su ke gangarowa daga arewa. Hanyar da mai gaskiya ya ke bi da dabbarsa, ita ɓarawo ya ke bi da ta wani. In ya ƙetare iyaka, ɗan doka ba shi da ikon binsa, sai dai hukumar nan ta rubuta wa hukumar can. Saboda haka a ƙasar iyaka ƙarfi ba ya kama ɓarawo, sai sanin mutane: dillalai, da fatake, da masu unguwa, da masu saukar baƙi. Wanda jama'a ba su amince da shi ba, ba mai gaya masa kome.

6. Daga ofishin doka zuwa gadon sarauta

A 1937 aka ɗaga Usman Nagogo daga Wakilin Doka, aka naɗa shi Magajin Gari, watau hakimin birnin Katsina. Ya yi shekara 7 a nan. A farkon 1944 Allah ya yi wa Sarki Dikko rasuwa, aka zaɓi Usman ya gaje shi. Gwamna Richards ya ba shi sanda ran 19 ga Mayu, 1944. A cikin wannan shekara ce kuma Gumel ta yi sabon sarki, Maina Muhammadu, ɗan Sarki Muhammadu na Kota.

Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Sabon sarki ya tafi har Indiya da Bama, ya gai da sojojin Nijeriya da ke yaƙi da Japan a can. A 1952 ya shiga majalisar ministoci ta Ikko, tare da su Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1962 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma mai sa a kira mutum Sa. Ya kuma shahara ƙwarai wajen ƙwallon dawaki, wanda a ke kira folo, wasan da mahaifinsa ya dasa a Katsina. Ya rasu ran 18 ga Maris, 1981, bayan ya shekara 37 bisa gado.

Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. A Sakkwato, Abubakar na Uku, sa'ad da ya ke Sardauna, shi ke duba 'yan doka da gidan yari, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1938. A Kano, Ado Bayero ya riƙe Wakilin Doka daga 1957 zuwa 1962, ya zama Sarkin Kano a 1963. A Katsina ma, Muhammadu Kabir ɗan Nagogo ya yi Wakilin Doka, ya yi Magajin Gari, sa'an nan ya gaji mahaifinsa a 1981. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Me ya sa haka? Domin ofishin doka makaranta ce. Ɗan sarkin da ya zauna fada, abin da fadawa suka ga dama shi ya ke ji. Wanda ya zauna ofishin doka kuwa, kowace safiya gari ya kan zo masa da kansa: wanda aka yi wa sata, da wanda yunwa ta sa ya yi satar, da matar da aka zalunta, da baƙon da aka cuta a kasuwa. Nan ya ke sanin wane mai unguwa ne mai gaskiya, wane ne ke ɓoye ɓarayi.

7. Inda dabarar ta gaza

Amma kowane magani da irin cutar da ya kan bari. Abin da ya ba 'yan doka daraja shi ne kusancinsu da fada, shi ne kuma ya zama rauninsu. Ku duba. Sarki shi ne shugaban En'e. Ɗansa ko ƙanensa shi ne Wakilin Doka. Alƙali ma'aikacin En'e ne, Yari ma haka. In talaka yana da ƙara a kan maƙwabcinsa, hanya a buɗe ta ke. In ƙararsa a kan En'e ce kanta, wurin wa zai kai?

Wannan bai fito fili sosai ba sai da siyasa ta zo. A 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta, tana sukar mulkin En'e. Yawancin sarakuna da ma'aikatansu kuwa suna bayan jam'iyyar NPC. Sai ya zama a wurare da yawa na Arewa 'yan doka ne a ke turawa su watsa taron 'yan hamayya, su kama su, a kai su gaban alƙali, a ɗaure. An shaidi Ado Bayero da ƙoƙarin rage irin wannan kamu sa'ad da ya ke Wakilin Doka. Amma gyaran da ya rataya ga halin mutum ɗaya, ranar da ya tashi ya kan tashi tare da shi.

Da soja suka karɓi mulki a 1966, sai aka sa 'yan dokan En'e ƙarƙashin shugaban 'yan sandan Nijeriya. A cikin 'yan shekarun da suka biyo aka soke su ɗungum, waɗanda suka cancanta aka shigad da su 'yan sandan tarayya. Kotunan alƙalai da gidajen yari su ma aka fid da su daga hannun sarakuna. Abin mamaki, Gwamnan soja na Jihar Arewa a lokacin da aka soma wannan shi ne Hassan Usman Katsina, ɗan Usman Nagogo. Uba ya ga ginin abin, ɗa ya ga farkon rushe shi. A 1976 En'e kanta ta kau, aka kawo ƙananan hukumomi. Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar, yanzu kowace ƙaramar hukuma ce a Jihar Jigawa, wadda aka kafa a 1991.

8. Abin lura

Har yanzu a kan yi gardama a Nijeriya, ko ya kamata kowace jiha ta sami 'yan sandanta. Masu so suna cewa ɗan gari shi ya san gari, ya san harshe, ya san hanyar ɓarawo. Masu ƙi suna cewa a tuna da abin da aka yi da 'yan doka a zamanin siyasar farko. Labarin da muka karanta ya nuna kowane gefe yana da gaskiyarsa.

Abu uku ne ke gyara mai tsaron doka. A biya shi hakkinsa, don kada ya ci na mutane. A girmama aikinsa, don mutanen kirki su shiga. A kuma ajiye wani wanda zai tuhume shi, wanda ba ubangidansa ba ne, ba kuma ɗan'uwansa ba. Zamanin Dikko da Nagogo ya kawo na ɗaya da na biyu. Rashin na uku shi ya kashe 'yan doka.

Mai karatu ma da nasa rabo. In an kama naka, tambayi laifinsa, ka ga an rubuta. In an karɓi kuɗinka da sunan hukuma, nemi rasit, ka karanta abin da ke ciki. Kada kuma ka miƙa toshiya don a saki mai laifi, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Tambayoyi

1. Waɗanne aibu biyu ne ke tattare da aikin dogarai a zamanin da?
2. Mene ne bambancin 'yan doka da 'yan sandan Gwamnati?
3. Don me aka ga ya kamata a ɗora ɗan sarki bisa kan 'yan doka?
4. Shekarun Usman Nagogo nawa sa'ad da ya zama Wakilin Doka? Nawa kuma sa'ad da ya zama sarki?
5. Yaya littafin ofis ya ke zama garkuwar talaka?
6. Me ya sa kama ɓarawo ya ke da wuya a ƙasar iyaka?
7. Tambayi wani dattijo a garinku abin da ya tuna game da 'yan dokan En'e ta Gumel, ka rubuta shi cikin layi goma.